Piyes (kayan gyaran mota) na Peugeot 404 da 504 da ba a taɓa ɗaurawa ba: yaya ake gane su, yaya ake musu kuɗi?

Ɗan Rumde (Garwa):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. An buɗe mangazar kawunmu marigayi a nan Garwa bayan ta yi shekaru a garƙame, sai muka tarar da kayan mota sababbi fil a kwalayensu, yawanci na Peugeot 404 da 504. Akwai fitilun gaba na Cibié da Marchal, karburato uku na Solex, delko (mai rarraba wuta), bobin (mai ƙara ƙarfin wuta), famfon ruwa, shamiz (bututun da fistan ke tafiya a ciki) da fistan, juwan kulas (gaskit ɗin kan inji) masu yawa, kayan birki, robobin gilashi, da agogon gudu biyu na Jaeger. Wasu kwalayen gara ta cinye gindinsu, lambar ma ta tafi. Wani ɗan kasuwa ya leƙa ya ce zai kwashe duka a dunƙule, kuɗi hannu. Kayan na magada ne, har da marayu ƙanana, ba na son in yi musu asara kuma ba na son in cuci mai saye. Masana, yaya zan gane wane na wace mota ne, wane ne har yanzu yake da rai, kuma da wane ma'auni ake musu farashi?

Tsohon Makaniki (Marwa):

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu, ya sa ya huta. Yaro, kafin maganar kuɗi, kada ka wanke komai, kada ka goge komai, kada kuma ka zubar da kwali ko da rabinsa ya rage. Piyes ɗin da ba a san motarsa ba ƙarfe ne kawai, kuma abin da zai gaya maka motarsa yana jikin wannan ruɓaɓɓen kwalin. Wanda gara ta ci, ka sa shi da ɓurɓushin kwalinsa a leda ɗaya, ka rubuta masa lamba da hannunka.

Lambar Peugeot ta wancan zamani adadi huɗu ne, sai ɗigo, sai biyu. Huɗun farko suna gaya maka dangin abin, biyun ƙarshe su ne ke bambanta wannan mota da waccan. Idan ka ga 0209 juwan kulas ne, 1109 matatar man inji, 1201 famfon ruwa, 4402 silindar birki ta ƙafa, 4601 babbar silindar birki, 6204 da 6205 fitilun gaba, hagu da dama. Don haka lambar da ƙarshenta ya goge ba ta gama maka aiki ba, sai ka koma jikin ƙarfen. Peugeot ba shi ke ƙera komai da kansa ba. Delko da dinamo na Ducellier ne ko Paris-Rhône ko SEV Marchal, kuma kowanne yana da tasa lambar a buge a jiki ko a ɗan faranti. Karburato na Solex yana da sunan samfurinsa a jikin gangar, da ɗan guntun ƙarfe mai lamba da aka maƙala ƙarƙashin ɗaya daga cikin ƙusoshin murfi. Wannan guntun kada ya ɓace. 32 PBICA da 34 PBICA maƙogwaro ɗaya gare su, su ne na 404, kuma 504 ta farko ma ta yi amfani da 34 ɗin. Mai maƙogwaro biyu, 32/35 SEIEA, na 504 ne mai injin lita biyu.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su ɗauka 404 ɗaya ce, 504 ɗaya ce. An fara 404 a 1960, an daina mai ƙofa huɗu a Faransa a 1975, kuma a tsakanin nan ta sauya sau da dama. Injinta na farko kujerun birbikan (babbar sandar da fistan ke juyawa) uku gare shi, daga 1964 ya koma biyar, saboda haka kusine (ƙarafan da birbikan ke juyawa a kai) na wannan ba ya shiga wancan. Akwatin giya ya tashi daga C3 ya koma BA7. Agogon gudu na farko dogo ne a kwance, na baya zagaye ne guda uku a jere. Birkin gaba ganga ne da farko, sai a ƙarshen shekarun 1960 aka sa faifai. 504 kuwa ta fito a 1968, Faransa ta daina mai ƙofa huɗu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har 2006, Ajantina da Kenya ma sun yi tasu. Ta farko mai ƙofa huɗu faifai ne a ƙafafu huɗu, alhali doguwar mai ɗaukar iyali da akori-kura ganga ce a baya. Mai saye na gaskiya zai tambaye ka ta wace shekara, wane inji, kuma idan ba ka da amsa zai saya a kuɗin abin da ba a sani ba.

Shamiz da fistan sai da ma'aunin kalifa. Faɗin ramin milimita 84 na inji mai cc 1618 ne na 404 ko mai cc 1796 na 504, 88 kuma na mai cc 1971 ne. Amma 84 ɗin nan biyu ba ɗaya ba ne, domin tafiyar fistan 73 ce a na farko, 81 a na biyu, don haka ka riƙe lambar kwalin. Na gazuwal (dizal), wato injin Indenor, XD88 milimita 88 ne, XD90 kuma 90, kuma fistan ɗinsa ya fi nauyi a hannu, kansa ma daban yake. Bayan kusine ka duba ko an buga 0,30 ko 0,50. Wannan na birbikan da aka riga aka fere ne, ba na sabo ba.

Shekarun kwalin ma ana iya kintata su. Adireshin Faransa mai lambar gidan waya adadi biyar daga 1972 ne zuwa sama. Sunan Valeo bai wanzu ba sai 1980. Kwalin da aka rubuta Peugeot Talbot na shekarun 1980 ne. Na Bosch da aka rubuta Jamus ta Yamma bai wuce 1990 ba. Lambar tarho ta Faransa ta koma adadi takwas a 1985, goma a 1996. Kwali mai cewa shi tsoho ne amma yana ɗauke da tarho mai adadi goma, ka san ba na zamanin 404 ba ne.

Mai Sifana (Ngawundare):

Baba ya gama magana kan ganewa. Ni zan taɓo abin da zai ɗan ɓata maka rai, ɗan'uwa: sabo a kwali ba shi ne lafiyayye ba. Mangaza mai rufin kwano a Garwa, inda watan Maris da Afrilu zafi ke haura digiri 40 a inuwa, shekara talatin ko arba'in, tanda ce. Duk abin da yake roba ka ɗauka ya mutu har sai ya nuna maka akasin haka.

Ka ɗauki robar gilashi ka lanƙwasa ta gida biyu a wajen haske. Idan ƙananan tsagu suka buɗe a bayan lanƙwasar, ko ta yi fari, ko ta ƙi komawa yadda take, ta gama. Wata kuma ba ta bushewa, narkewa take ta yi danƙo ta manne da kwalin. Tiyon ruwa, bel, robar kujerar inji, duk gwajin ɗaya ne. Kayan birki kuwa ba ma a gwada su. Robobin cikin silinda da tiyon birki masu wannan shekaru ba a ɗaura su a mota, ko da sun yi kyau a ido, domin ranar da za su saki ba sa sallama, kuma ka san gangaren dutsen da ke tsakanin Ngawundare da Garwa ba wurin gwajin birki ba ne. Abin da ke da amfani a silindar shi ne gangar ƙarfen. Ka zare fistan, ka haska tocila a ramin. Idan yana sheƙi babu ɗigon tsatsa, a sa masa sababbin robobi ya yi aiki. Idan farcenka ya maƙale a wani rami, ya zama na zubarwa. A kula kuma, idan akwai kayan Citroën a cikin tarin, robobinsu na koren mai ne da ake kira LHM, ba sa jituwa da man birkin Peugeot. Wanda ya haɗa su, robar za ta kumbura birki ya ƙame.

Famfon ruwa: juya sandar da hannu. Ya kamata ta tafi da ɗan nauyi, sumul, ba ƙara. Idan tana tafiya tana tsayawa kamar da yashi a ciki, man gilis ɗin rulman (boris) ya daskare ko tsatsa ta kama. Ko da ta juya lafiya, hatimin ciki yana iya ɗiga a makon farko, don haka ka sayar da shi da wannan sharaɗi. Ka kuma raba su gida biyu, domin waɗannan motoci akwai mai fanka da ke kamawa da wuta idan inji ya yi zafi, akwai mai fanka da ke juyawa kullum, kuma kan famfon ba iri ɗaya ba ne.

Karburato sabo yawanci yana tsira, amma ƙarfensa mai laushi ne, yana iya karkacewa ko ya yi farin gari. Ka ɗora gindinsa a kan gilashi mai faɗi ka ga ko yana rawa. Ka kama sandar malam-buɗe-littafin iskar ka girgiza: a sabo babu wasa ko kaɗan. Fatar famfon totur da takardun juwan ɗinsa sun bushe, wannan ba komai ba ne, ana samun sababbi. Cikin maƙogwaron kuma ya zama fari tas, ba baƙin hayaƙi, ba warin tsohon fetur. Kan ƙusoshi ma kada ya nuna cizon sukundireba. Wannan gwajin na cizo ka yi shi a kan komai, domin tun da can akwai masu wanke tsohon piyes su fesa masa fenti su mayar a kwalin asali. Fenti a kan datti, ko zagayen da washa ta bari a bakin ramin ƙusa, duk shaida ce cewa ya taɓa hawa mota.

Kayan wuta da mita ake gane su. Bobin na volt 12, tsakanin ƙananan kawuna biyu za ka ga wajen om 3, ko wajen ɗaya da rabi idan mai tafiya da rezistans ne. Tsakanin ƙaramin kai da ramin tsakiya kuma om dubbai ne. Idan mita ba ta motsa ba, waya ta tsinke a ciki. Idan akwai danshin mai a wuyansa, ya fara yoyo. Kondansato yana kusa da mikrofarad 0,2, kuma yana iya mutuwa a ajiye, saboda haka ba a masa kuɗi mai yawa. Bis filatine (mai buɗe wuta da rufe ta a cikin delko) ba ya lalacewa, a goge bakinsa kawai a saita shi a milimita 0,40. Murfin delko ka duba cikinsa ko akwai tsaga siririya kamar gashi.

Shamiz da segman (zobban fistan) suna zuwa da busasshen man kariya mai ruwan ƙasa, kamar kakin zuma. Wannan ba tsatsa ba ne, kada ka kankare shi, shi ne ma shaidar cewa ba a taɓa su ba. Ka goge wuri kaɗan da gazuwal ka duba ƙasansa. Wanda ya kwana a ƙasa inda damina ke jiƙa daɓe shi ne abin tsoro.

Sai gargaɗi kan juwan kulas, fatun birki da faifan ambiriyaj (kuloci). Na wancan zamani yawancinsu da amiyant aka yi su, wannan farin zaren da ƙurarsa ke lalata huhu. Faransa ta haramta shi tun 1997. Kada ka busa su da iska, kada ka goga musu takardar yashi, kada yara su yi wasa a inda aka karkaɗe su.

Bakin Gada (Kusiri):

Malamai sun yi bayani, saura kuɗi. Alhaji, wanda ya ce zai kwashe duka ba don juwan kulas yake so ba. Ya hango abu biyar ko shida ne a cikin tarin, sauran kuma kyauta ce yake son ka ɗora masa.

Kasuwa biyu ce, kuma ba a auna su da mudu ɗaya. Ta farko ta gida ce: mai akori-kurar 504 da har yanzu take dakon buhuna tsakanin kasuwannin ƙauye. Shi ba ruwansa da kwali, yana kwatanta kayanka da adaftabul, wato wanda ba na kamfanin asali ba, da zai samu a nan, ko a Njamena, ko wanda ake shigowa da shi ta Mubi daga Ƙofar Ruwa ta Kano. Zai ƙara maka wani abu saboda orijin ne ya fi ƙarko, amma ba zai ninka ba. Shamiz, fistan, kusine, rulman, famfon ruwa, nan ne gidansu, kuma nauyinsu ma ba ya barin a tura su nesa da riba. Ta biyu ita ce masu farfaɗo da tsohuwar mota don sha'awa, a Duwala, Yawunde, Legas, da musamman Turai. Su abin da suke biya shi ne wanda ba a ƙara ƙerawa kuma ido yana ganinsa: fitila mai tambarin Cibié ko Marchal, murfin fitilar baya, agogon Jaeger, tambarin zaki, hannun ƙofa, ƙarafan ado masu sheƙi. Idan Allah ya sa akwai wani abu na ƙofa biyu ko mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki, ko famfon fetur na Kugelfischer, to wannan shi kaɗai zai iya fin rabin mangazar. Da wuya dai, don ba su ne aka fi kawowa nan ba.

Yadda ake awon: ka ɗauki lambar ka rubuta ta a intanet da ɗigo, sannan ba ɗigo. A eBay ka zaɓi jerin waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda aka rataye ba. Leboncoin, shafin tallar kaya na Faransa, kuɗin da mai kaya ke fata kawai yake nunawa, abu yana iya shekara a can ba mai tayawa. Daga nan ka duba ko ana ƙera sabonsa yanzu. L'Aventure Peugeot, masu gidan tarihi a Sochaux, suna sayar da piyes na tsofaffin motoci, akwai kuma shaguna da ke sake buga robobi da kayan birki. Duk abin da ake sake bugawa, farashin sabon shi ne rufinka. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato kusan 656, ba ya motsi. A ce ka ga an sayar da abu yuro 100, sefa kusan dubu 65 da ɗari shida ke nan a can, ba a hannunka ba. Ka cire kuɗin aikawa, kason shafin, kwali da soso, kuɗin karɓo kuɗin, da abin da duwan (kwastan) ɗinsu za ta ɗora wa mai saye wanda zai sa ya rage tayi. Sau da yawa abin da ya rage ba ya kai rabi. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya taya ƙasa da farashin Turai ba lallai macuci ba ne, amma sai ka san farashin kafin ka san ko ragin nasa ya wuce kima.

Kaya mai tafiya biyu-biyu kada ka raba shi. Fitilar hagu da dama na kamfani ɗaya sun fi tsada a haɗe, kuma Cibié a hagu Marchal a dama ba ma'aurata ba ne. Gilashin gaba kuwa a gida za ka sayar, ba ya jure tafiya. Masu amiyant kada ka ma fara tura su Turai, haramun ne a dokarsu.

Inda na ɗan saɓa da Mai Sifana: kwalin da ke liƙe da hatiminsa na asali, musamman na fitila da agogo, kada a farke shi don gwaji. Idan akwai iri ɗaya guda huɗu, a buɗe ɗaya a bar uku. Tunda kuma kayan magada ne, a rubuta komai a littafi gaban shaidu biyu kafin a sayar da ko ƙusa ɗaya. Ka tsame manyan, ka sayar da su ɗaya-ɗaya ba gaggawa, sauran ka kira mutum uku su taya a dunƙule.

Ɗan Rumde (Garwa):

Allah ya saka da alheri, na fara rubutawa. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Dinamo biyu an manna musu takarda mai cewa échange standard. Sannan fitilun 404 guda shida ne, duk da E2 a cikin da'ira a jikin gilashin, amma biyu daga ciki akwai ƙaramar kibiya a ƙarƙashin da'irar. Ɗaya kuma madubin cikinta ya ɗan yi hazo a ƙasa, in goge?

Tsohon Makaniki (Marwa):

Kada ka goge, ko da auduga. Abin da ke sheƙin nan siririn shafe ne, yatsa ma yana ɗauke shi. Ka bar ta da hazonta, ka ɗauki hoto a rana ka nuna wa mai saye, ka rage kuɗinta. Akwai masu sake shafa madubin, aikinsu ne.

Dinamon nan ba sababbi ba ne. Wannan rubutu yana nufin tsoho ne da aka mayar kamfani aka sabunta cikinsa. Kaya ne mai kyau, amma ka faɗa da sunansa, kuma farashinsa ƙasa da na sabo.

E2 Faransa ce ta ba da shaidar, E1 da Jamus ce, E3 Italiya. Haruffan da ke kusa ma ka karanta: CR na tsohon ƙwai ne mai wat 45/40, HCR na H4 ne mai 60/55, kuma gindin ƙwayayen ba ya shiga na juna. Kibiyar ita ce babbar magana. Fitilar gaba marar kibiya ta ƙasar da ake tuƙi a hannun dama ce, irin mu Kamaru da Cadi. Mai kibiya mai kai ɗaya an yanka gilashinta ne don ƙasar da ake bin hagu. Idan ka ɗaura ta a nan, hasken da ya kamata ya hau gefen hanya zai hau idon mai tahowa. Najeriya hagu take bi har watan Afrilun 1972, saboda haka ba mamaki ta can waɗannan biyun suka ɓullo. Kada ka sayar wa ɗan gida. Ka ware su ka rubuta a jikinsu, masu nemansu suna Ingila, Kenya, Afirka ta Kudu da Ostiraliya. Idan kuma kibiyar kai biyu gare ta, tana yin duka biyun, sai ka duba bayan fitilar, akwai ɗan maɓallin da ake juya mazaunin ƙwan da shi.